Da Ni da Inna da Sabuwar Mota a Hanyar Belbeji

Tun da na dawo daga ƙasar Damargu, can arewa da mu, abokan aikina na ɗakin haihuwa ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin ƙofa, waccan ta biyo ni har inda muke wanke hannu: "Madam Rabi, wai da gaske shanu ne suka ja motarki?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure tsakanin naƙuda da naƙuda, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta tambaya in miƙa mata.

Bari in fara da motar. Ni ungozoma ce a Zindar, shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki, kuma duk tsawonsu a bayan kabu-kabu nake zuwa asibiti. Bara na tattara abin da na daɗe ina ajiyewa na sayi wata farar mota kat-kat a wani kantin motoci. Ba sabuwa ce fil ba, amma wanda ya fara sayenta wata takwas kawai ya hau ta, ledar kujerun baya ma ba a cire ba. Wanda ya sayar min, wani Lawali mai fara'a da ƙamshin turare, ya ba ni takardar garanti ta shekara guda, ya dafa ƙirji ya ce, "Madam, ko tari ta yi ki kira ni."

Sati uku da saye, ina tsakiyar gari, sai wata ƴar fitila ruwan ɗorawa ta kunna a gabana, motar ta yi tit-tit-tit, ƙarfinta ya tafi. Na taka har ƙasa, tana jan ciki. Sau uku ina mayar musu da ita. Na farko suka ce gazwal ɗin, wato man da na sha, ne ba kyau. Na biyu suka riƙe ta kwana goma sha biyu, suka dawo min da ita a wanke tas, ciwon yana nan. Na uku suka ce mai balis, wato na'urar da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta, yana Yamai, sai ya zo. Da na karɓo ta Lawali ya rantse min an gama da matsalar.

Ana tsakiyar damina saƙo ya zo daga ƙauyensu Inna, mahaifiyata, can bayan Belbeji. Wanta, Kawu Abdu, idonsa ya tafi, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce a gaya wa ƙanwarsa in tana son ta same shi ta zo kafin a yanke hatsi. Inna ta kusa tamanin, gwiwoyinta sun cinye, daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta sau biyu. Rabonta da garinsu tun rasuwar uwarsu, sama da shekara talatin. Na gaya mata da dare. Da safe na shiga gaishe ta na tarar ta ɗaure ƙullinta tana zaune a kansa.

Maigidana ya ce in ɗauki shofer, wato direba, na ƙi. Na dai kira Lawali na ce zan yi doguwar tafiya da tsohuwa, motar za ta iya? Ya yi dariya. "Madam, har Agadas za ta kai ki ta dawo."

Muka fita bayan sallar asuba. A shingen fita gari wani jandarma ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya dubi Inna da carbinta, ya dubi kujerar baya.

"Madam, ina shofer?"

"Ga ni."

Ya karɓi takardu ya juya su gaba da baya, sannan ya sunkuya wajen Inna. "Hajiya, ba ki jin tsoro?"

"Ni na haife ta," in ji Inna. "Da kanta ta fito, ba wanda ya nuna mata hanya."

Ya bushe da dariya ya ɗaga mana ƙarfe, yana cewa ta sa masa albarka.

Har Bakin Birji lafiya lau. Muka tsaya na sayo mana fanke da zafinsa, Inna ta ci biyu, abin da ba ta yi a gida. Na fara jin kaina. Ba mu kai Sabon Kafi ba, inda ya kamata mu saki gudro, wato kwalta, mu yi yamma, sai fitilar nan ta kunna. Tit-tit-tit.  Motar ta koma tafiyar jaki, har wani mutum a kan raƙumi ya zo daidai da mu, ya yi sallama, ya wuce, muna kallon bayansa.

Na tsaya na kira Lawali. Ya ce in kashe ta, in jira kaɗan, in tayar. Na yi, ba abin da ya canza. Ya ce to in juyo in kawo ta. Na ce ina da tsohuwa a mota, ga mara lafiya yana jiranmu, kuma garin Tanut ya fi min Zindar kusa, ba wanda zai iya turo min? Ya ce mai balis ba ya nan. Sai muryarsa ta sauya. "Madam, abu ɗaya. Kada ki bari wani na bakin hanya ya taɓa ta. Ya taɓa ta, garanti ya mutu." Da na sake kira, wayar a kashe.

Haka muka lallaɓa har Tanut, rana ta take. Aka nuna min rumfar wani Malam Ila, dattijo mai gyaran manyan motocin da ke shiga hamada. Na tarar da shi rabin jikinsa a cikin injin wata mota da ta girme ni. Ya fito ya goge hannu, ya fara zuwa ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya saurare ni har na gama. Ya sa na tayar da motar, ya kara kunne a jikinta ya daɗe. Bai taɓa komai ba.

"Hajiya, na ji maganar takardarki," ya ce. "Ba zan sa hannu ba sai kin ce."

Na dubi takardar garanti a hannuna, saura wata biyar. Na dubi Inna. Ba ta kalle ni ba, fuskarta tana yamma, leɓɓanta suna motsi. Na ce, "Malam, buɗe."

Bai yi minti goma ba ya kira ni. Ya nuna min wani ɗan ƙulli na wayoyi a gefen inji, an naɗe shi da baƙar leda mai danƙo, zafi ya narkar da ita.

"Ba ni na naɗa wannan ba, kin ga yanzu na buɗe. Wanda ya naɗa ya san abin da ke ƙarƙashi." Ya warware, sai ga robar da wayoyin ke shiga ta tsage gida biyu. "Injinki lafiyarsa ƙalau. Wannan ɗan abin ne yake gaya mata ƙarya, ita kuma ta tsorata ta ƙi tafiya. Motocin yanzu tsoro ya yi musu yawa."

Ashe gyaran da aka yi min ke nan a kwana goma sha biyu. Malam Ila ya goge wajen, ya matse shi da zaren tsohon tub ɗin taya, fitilar ta mutu. Amma bai yaudare ni ba. Ya ce sai an sa sabo, kuma babu irinsa a Tanut. "A kan gudro zai riƙe. A girgizar burji, Allah ne masani."

Muka sauka gidan Zainabu, wata ma'aikaciyar asibiti da ta koyi aiki a hannuna. Ta yi mana tuwon hatsi da miyar yakuwa, man shanu yana yawo a sama, da tukuɗi, hatsi da dabino da cuku a daka a dama, wanda in ka sha kofi ɗaya ka gama da yunwa har gobe. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ruwa. Mu a Zindar muna kukan famfo ya ɗauke kwana biyu. Nan da na ce zan yi wanka, buta ɗaya aka kawo min da wata faffaɗar roba, aka ce in tsaya a ciki. Ruwan da ya taru a robar aka kai wa wata ƴar bishiyar lemo da ke tsakar gida. Na ji kunyar bokitin da nake zubarwa kullum.

Da gari ya waye muka koma kudu kaɗan muka kama burjin yamma. Hanyar kamar an yi mata kitso, komai na motar yana kaɗawa, ni ido ɗaya a hanya, ɗaya a wajen fitila. Muka wuce Gangara, muka shiga Belbeji wajen azahar, muka yi salla a gidan wata mai abinci da ta kira maƙwabtanta su zo su ga macen da ta tuƙo mota daga Damagaram, wato Zindar. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta juya tafin tana dubawa, ta ce ita ba ta ga bambancinsa da nata ba.

Bayan Belbeji babu hanya, sai sawun tayoyi a rairayi, su rabu biyu, su rabu uku. Taswirar wayata ta zama fari fat. Nan Inna ta miƙe zaune.

"Bi ta hagun wancan gawon."

"Inna, kin tabbata? Shekara talatin fa."

"Gawo ba ya ƙaura. Bi."

Daga nan ita ta karɓi jagora. Ta ce za mu tarar da kwari mai jar ƙasa, muka tarar. Ta ce bayan kwarin gonaki za su ƙare, suka ƙare. Sai fili, kore shar har inda ido ya gaza. Ni da nake zaton Damargu rairayi ce da ƙaya. Ina cikin wannan kallo tayar gaba ta faɗa wani rami, fitilar ta kunna, wannan karon ko jan cikin ba ta yi ba. Ta mutu murus. Na duba waya, babu rezo ko ɗigo.

Na buɗe gaban motar na tattaɓa ƙullin Malam Ila, na tayar, shiru. Na koma na zauna na riƙe sitiyari. Ruwanmu jarka ɗaya, ga tsohuwa mai hawan jini. Na fara zagin Lawali a raina, na koma zagin kaina.

"Yi shiru," in ji Inna, alhali ban yi magana ba. "Saurara."

Da farko na ɗauka ruwa ne yake tahowa daga nesa. Sai ƙasa ta fara amsawa a ƙarƙashinmu. Daga kudu suka ɓullo, jajayen shanu masu ƙaho kamar an ɗaga hannu ana addu'a, suna tafe arewa wajen ciyawar damina. Suka iso motar suka rabu biyu, suka bi ta dama da hagu, suka haɗe a gaba. Bayansu tumaki, bayansu raƙuma da ƴaƴansu, sai jakuna ɗauke da tabarmi da sandunan bukka da ƙwarya, mata a sama da jarirai. Garke ya wuce, wani ya biyo. Ba ihu, ba duka, sai ƙarar kofato da numfashi, wani lokaci makiyayi ya yi ɗan sauti da harshe dabbobin duka su karkata. Wata saniya ta tsaya ta sa hanci a gilashina, ta dube ni da idonta mai gashi, ta wuce. Na duba agogo da suka fara, na duba da suka yi sauƙi, kusan awa biyu. Shekarata hamsin da biyu a ƙasar nan, waɗannan dabbobi a teburin mahauta kawai na san su. Na manta da mota, na manta da tsoro, bakina a buɗe.

A ƙarshensu wani dattijon Buzu ya tsaya a kan farin raƙumi, rawani ya rufe masa fuska sai ido. Na fito na gaishe shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Na gwada Faransanci, ya girgiza kai. Ina ta nuna mota da hannu, sai na ji an buɗe ƙofa a bayana. Inna ta zuro ƙafafunta waje, ta ɗaga kai ta yi masa magana.

Da Buzanci.

Ba kalma ɗaya ko biyu ba. Magana ce take zuba, da tambaya da amsa, muryarta ma ta koma wata iri, ta yi sama kamar ta budurwa. Ni dai kalmar alheri kawai nake tsinta a ciki. Mutumin ya durƙusar da raƙuminsa ya sauko da sauri, ya zauna a ƙasa gabanta. Suka yi ta yi, ya tafa hannu, ta yi dariya har da hawaye. Matar da ta haife ni, na kwana ɗaki ɗaya da ita shekara ashirin, ban taɓa jin ko kalma ɗaya ta wannan harshe a bakinta ba.

"Inna, yaushe kika iya wannan?"

"A bakin rijiya. Da ƴaƴansu muka tashi." Ta nuna shi da haɓa. "Sunansa Agali. Na san gwaggonsa, tare muke kiwon awaki. Ta rasu, Allah ya jiƙanta."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Da wa zan yi shi a Zindar?"

Ni ina ƙagare a yi maganar mota, Agali kuwa ya ciro ɗan murhunsa ya hura gawayi. Mu a gari in mutum ya same ka cikin matsala, tambayar farko ita ce me ya faru. Su sai an sha shayi. Kofi na farko mai ɗaci, aka yi maganar ruwan sama da waɗanda suka mutu. Ana dafa na biyu ya kira surukarsa, wata yarinya mai ciki wata tara da ke bisa jaki tun safe, don Inna ta gaya masa aikina. Na shimfiɗa zanena a inuwar mota na duba ta. Kan ɗan ya sauka daidai, zuciyarsa tana bugawa ƙalau. Na ce a gaya mata kada ta yi nisa da asibitin Belbeji a ƴan kwanakin nan. Ta yi murmushi, ta gyara mayafinta, ta koma kan jakinta. Sai da aka shanye na uku Agali ya tashi ya zagaya motar sau ɗaya, ya hau raƙuminsa ya tafi.

Kafin rana ta faɗi ya dawo, bayansa wasu mutum biyu da bijimai biyu na jan guga, da igiyar rijiya a naɗe. Ashe ƙauyen yana bayan tudu na biyu. Aka ɗaura igiyar a ƙarfen gaban motata. To ga amsarku: da gaske ne. Na zauna ina kokawa da sitiyarin da ya yi tauri kamar turmi, bijimai suna ja, Agali yana gefe a kan raƙumi kamar mai rakiyar amarya.

Da muka iso rijiyar bakin gari Inna ta ce a tsaya. Ana jan ruwa. Na ga sa ya kama tafiya da igiya a bayansa, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ya ƙanƙance a idona, sannan gugan fata ya leƙo bakin rijiya. Na leƙa ciki ban ga ruwa ba, sai sanyi da ya bugi fuskata. Itacen bakin rijiyar duk igiya ta sassaƙa shi layi-layi, zurfin yatsa. Inna ta sa yatsanta a ɗaya daga cikin layukan ta daɗe. Sannan ta ce ita ba za ta shiga garinsu a zaune ba. Ta karɓi sandarta ta kama tafiya. Na bi ta a baya ina jiran ta nemi wurin hutawa. Ba ta nema ba.

Kawu Abdu yana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfar kara, ya rame, idanunsa sun yi fari. Mutane suka buɗa mana. Ba wanda ya ce masa ga wance. Inna ta yi sallama kawai. Ya ɗaga kai, ya karkata kunne.

"Kande?"

Sunan da ban taɓa jin an kira ta da shi ba.

"Ni ce, Yaya."

Ta durƙusa, gwiwoyin nan suka yi ƙara. Ya laluba ya kama fuskarta da hannu biyu, ya shafa goshi, ya shafa kumatu.

"Kin tsufa, Kande."

"Kai da ba ka gani ma ka ce haka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, sai dariyar ta juye. Ya fara lissafa mata waɗanda ba za ta tarar ba, suna bayan suna, ita kuma tana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙanta, hannunsu a haɗe. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana na more.

Kwana huɗu na yi. Na duba ƙafafun Kawu, na bar masa magani, na nuna wa surukarsa Hassana yadda za ta ba shi. Motata tana bakin rijiya, kaji sun tare a ƙarƙashinta, mata suna shanya yakuwa a samanta. Rezo sai an hau wani tudu a gabas da gari. Na hau na sami Lawali. Da ya ji an buɗe motar ya fara, "Ai Madam na gaya miki." Na ce masa baƙar ledar da aka naɗe tsagaggiyar roba da ita tana cikin jakata, zan kawo wa mai kantin da hannuna.  Sai ya ce in kawo ta su gani.

Wata babbar mota da ta kawo simintin gina aji za ta koma Zindar ba kaya. Aka haƙa rami ta ja baya ta shiga, maza suka tura tawa a bayanta. Na je in ɗauko ƙullin Inna, ta ce in bar shi.

"Ke tafi, aikinki yana jiranki. Ni sai an yanke hatsi."

Na dawo ni kaɗai a gaban motar siminti. Tawa yau sati bakwai tana kantin. Sun yarda za su gyara, amma kayan wai yana hanya. Duk ranar Litinin ina zuwa, a ba ni kujera, a ba ni ruwan sanyi, a ce in ƙara haƙuri.

Shekaranjiya Hassana ta kira ni daga kan tudu, ta ce ga Inna. Na ce wa ya hau da ita? Ta ce da ƙafarta ta hau. Inna ta ce an yanke hatsi, an samu, Kawu yana cin abinci, har yana fita zaure. Na ce to madalla, ko motar haya ce zan ɗauko in zo in taho da ita.

"A'a, kada ki wahalar da kanki. Ki dai aiko min da ganyen shayi da sukari, da man gwiwata. Sannan ki buɗe akwatina, can ƙasa akwai farin yadin nan da na zo da shi daga Makka. Ki haɗo da shi."

Na san yadin. Na san abin da ta ajiye shi dominsa. Likkafaninta ne.

Na ce, "Inna."

"Ke, ba yanzu ba. Lafiyata ƙalau, jiya ma ni na dama wa Yaya fura. So nake dai ya zauna kusa da ni."

Jiya na naɗe shi a sabon zane, na kai tasha na ba shofer ɗin motar Belbeji. Na roƙe shi kada ya ɗora a sama cikin kaya, ya ajiye shi a gaba, kusa da shi.